Kathryn Maitland: Likitar da bincikenta ya sauya ƙa'idar ƙara wa yara ruwa a asibiti

Farfesa Kathryn Maitland likitar yara ce 'yar ƙasar Birtaniya, malama a Kwalejin Imperial da ke Landan, wadda tun shekarar 2000 ta tare a Kilifi, wani gari da ke gaɓar tekun Kenya, tana bincike kan hanyoyin ceton yaran da ake kaiwa asibiti rai a hannun Allah. An fi saninta da gwajin FEAST da aka wallafa a 2011. Gwajin ya nuna cewa ɗura wa yaro mai zazzaɓi mai tsanani ruwa da yawa ta jijiya cikin hanzari, abin da likitoci suka shafe shekaru suna ɗauka a matsayin ceton rai, yana ƙara yawan mace-mace a asibitocin da ba su da sashen kulawa ta musamman.

Sakamakon ya tayar da ƙura a fannin jinyar gaggawa, ya jawo taƙaddama da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya sa likitocin ƙasashe masu arziki sun koma suna binciken wata al'ada da su da kansu suka koya wa duniya. Bayan FEAST, Maitland da abokan aikinta na Afirka sun gudanar da manyan gwaje-gwaje kan ƙarin jini, da iskar oksijin, da jinyar yara masu tamowa, ciki har da wanda aka yi a Najeriya da Nijar.

Daga Vanuatu zuwa Kilifi

Maitland ta yi karatun likitanci a Landan, ta kuma ƙware a fannin cututtukan yara. A shekarun 1990 ta yi aiki a Vanuatu, wasu tsibirai da ke kudancin tekun Fasifik, cikin ayarin masu bincike na Jami'ar Oxford da ke nazarin dangantakar maleriya da wata larurar jini ta gado mai suna talasimiya. Wani ɓangare na wannan aiki ya fito a mujallar Nature a 1996.

A Kilifi kuwa, ta shiga cibiyar binciken da Hukumar Binciken Lafiya ta Kenya da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suke gudanarwa tare tun 1989. Cibiyar tana jingine da asibitin gwamnati, saboda haka masu bincikenta suna ganin irin yaran da ake kawowa daga ƙauyuka kullum: masu maleriya mai tsanani, da sanƙarau, da ciwon huhu, da ƙarancin jini. A 1995 Kevin Marsh da abokan aikinsa na wannan cibiya sun nuna cewa gushewar hankali da wahalar numfashi su ne manyan alamun da ke nuna yaro mai maleriya yana bakin mutuwa. An gano cewa wannan numfashi mai zurfi yakan biyo bayan taruwar tsami a cikin jini, wasu masana kuma suka yi hasashen cewa ƙarancin ruwa a jijiyoyi ne ke haddasa shi.

A kan wannan hasashe Maitland ta fara aikinta. Ƙananan gwaje-gwajen da ta jagoranta a farkon shekarun 2000 sun ba da alamar cewa ƙarin ruwa mai ɗauke da albumin, wani sinadarin furotin da ake samu daga jinin ɗan Adam, zai iya rage mutuwar yara masu maleriya mai tsanani. Ke nan ta shiga babban gwajin ne tana sa ran ya tabbatar da amfanin ruwan.

Ƙa'idar da aka gada

Ƙarin ruwa ta jijiya tsohuwar dabara ce. A 1832, lokacin annobar kwalara a Birtaniya, wani likita ɗan Sikotilan mai suna Thomas Latta ya ɗura wa marasa lafiya ruwan gishiri ta jijiya, wasu da aka fid da rai da su suka farfaɗo. Ga mai amai da gudawa dalilin a fili yake: jiki ya zubar da ruwa, sai a mayar masa.

Daga baya aka faɗaɗa dabarar zuwa wani yanayi dabam, wato sefsis. Wannan shi ne halin da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar cuta har ta fara lahanta ƙoda da huhu da zuciya da ƙwaƙwalwa. Idan abin ya yi tsanani sai zagayawar jini ta yi rauni: hannu da ƙafa su yi sanyi, bugun jijiya ya yi sauri amma babu ƙarfi, idan aka danna farce aka saki sai jini ya yi jinkirin dawowa. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen wannan shekara. Yara ƙanana da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Tunanin likitoci shi ne, tunda jini ba ya zagayawa yadda ya kamata, a cika jijiyoyi da ruwa cikin sauri domin zuciya ta samu abin turawa. A 1991 Joseph Carcillo da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa nazari kan yara 34, inda suka lura cewa waɗanda aka fi ba ruwa a sa'ar farko sun fi rayuwa. A 2001 Emanuel Rivers na asibitin Henry Ford da ke Detroit ya wallafa gwaji kan manya 263, wanda ya nuna cewa jinyar gaggawa mai tsari, da ta haɗa da ba da ruwa da wuri, ta rage mutuwa daga kashi 46.5 zuwa kashi 30.5 cikin 100. Daga nan ƙa'idar ta shiga littattafan koyarwa da kwasa-kwasan horar da ma'aikatan gaggawa a duniya, har ana ba da shawarar ba yaro mililita 60 na ruwa kan kowane kilo na nauyinsa cikin ɗan lokaci.

Akwai giɓi biyu a wannan ƙa'ida. Na farko, ba a taɓa yin babban gwaji da ya kwatanta yaran da aka ɗura wa ruwa cikin hanzari da waɗanda ba a ɗura wa ba. Na biyu, asibitocin da aka gina ƙa'idar a cikinsu suna da na'urar taimakon numfashi da magungunan ƙarfafa bugun zuciya, waɗanda za su iya tallafar yaro idan ruwan ya yi masa illa. Yawancin asibitocin Afirka ba su da waɗannan.

Yadda aka gudanar da FEAST

An fara gwajin a watan Janairun 2009 a asibitoci shida: Mulago da Mbale da Soroti da Lacor a Uganda, Kilifi a Kenya, da Teule a Tanzaniya. Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ce ta ɗauki nauyinsa. Maitland ce jagora, amma likitocin yankin ne suka riƙe aikin a asibitocinsu, cikinsu akwai Sarah Kiguli da Robert Opoka da Charles Engoru da Peter Olupot-Olupot da Richard Nyeko a Uganda, da Samuel Akech a Kenya, da George Mtove a Tanzaniya.

An ɗauki yara daga 'yan kwana 60 zuwa shekara 12 waɗanda suka zo da zazzaɓi mai tsanani, tare da gushewar hankali ko wahalar numfashi, da kuma alamar raunin zagayawar jini. Ba a saka masu gudawa, da masu tamowa mai tsanani, da waɗanda suka ƙone ko suka ji rauni ba.

An raba yaran gida uku ta hanyar ƙuri'a, domin kada son ran likita ya shiga zaɓin. Rukuni na farko aka ba shi ruwan albumin cikin hanzari, na biyu ruwan gishiri cikin hanzari, tsakanin mililita 20 zuwa 40 kan kowane kilo. Rukuni na uku ba a ɗura masa ruwa cikin hanzari ba. Amma dukkan yaran sun samu ruwan da ke ɗiga a hankali don biyan buƙatar jiki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin maleriya ga mai ita, da ƙarin jini ga mai tsananin ƙarancinsa. Kashi 57 cikin 100 na yaran suna da maleriya, kusan ɗaya cikin uku kuma suna da ƙarancin jini mai tsanani.

An tsara ɗaukar yara 3,600. A watan Janairun 2011, kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluman gwajin lokaci-lokaci ya ba da shawarar a dakata nan take, bayan an kai yara 3,141 a babban rukunin.

Abin da alƙaluma suka nuna

Cikin awa 48, yara 111 daga 1,050 da aka ba albumin sun rasu, wato kashi 10.6 cikin 100. Daga 1,047 da aka ba ruwan gishiri, 110 sun rasu, kashi 10.5. Daga 1,044 da ba a ɗura wa ruwa cikin hanzari ba, 76 ne suka rasu, kashi 7.3. Bayan mako huɗu tazarar tana nan: kashi 12.2, da 12.0, da 8.7.

Bambancin ya kai kusan maki 3.3 cikin 100. A sauƙaƙe, cikin kowane yara 30 da aka ɗura wa ruwan, an samu ƙarin mutuwar yaro guda da ba don ruwan ba da ya rayu. Masu binciken sun duba rukunoni dabam-dabam, masu maleriya da marasa ita, masu ƙarancin jini mai tsanani da marasa shi, masu tsamin jini da marasa shi, ba su samu ko guda da ruwan ya amfana ba. Mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon a watan Mayun 2011, a 2012 kuma mujallar BMJ ta ba shi kyautar binciken shekara.

Wani nazari na biyu da ayarin ya fitar a 2013 ya bayyana dalilin da ya sa ido ya daɗe yana yaudarar likitoci. Bayan awa guda, alamun raunin zagayawar jini sun gushe a jikin kashi 43 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwa, idan aka kwatanta da kashi 32 na sauran. Wato yaro yakan warware a gaban likita, hannunsa ya yi ɗumi, sannan bayan wasu sa'o'i jikin ya rikice. Nazarin ya kuma nuna cewa yawancin ƙarin mace-macen sun faru ne ta hanyar durƙushewar zuciya da jijiyoyin jini, ba ta cikar huhu da ruwa ko kumburin ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda aka zata da farko. Likita guda da ke tsaye a bakin gado ba zai iya hango irin wannan illa ba. Sai an ƙirga dubban yara kafin ta bayyana.

Muhawarar da ta biyo baya

Ba kowa ne ya karɓi sakamakon ba. Masu suka sun ce ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen ɗaukar yara ya yi faɗi, don haka da yawansu ba su kai matsayin da ake ba da ruwa cikin hanzari ba. Wasu sun ce yawan masu maleriya da ƙarancin jini ne ya jawo illar, domin ruwa yana ƙara tsinka jinin da dama bai isa ba. Wasu kuma suka ce abin da aka gani a asibitin da ba shi da na'urar numfashi bai shafi Landan ko Boston ba.

Maitland da abokan aikinta sun amsa da alƙaluma. Yaran da suka cika tsattsauran ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato sanyin hannu da jinkirin dawowar jini da raunin bugun jijiya a tare, su 65 ne kacal, kimanin kashi 2 cikin 100. A cikinsu ma, kashi 48 na waɗanda aka ɗura wa ruwa sun rasu, idan aka kwatanta da kashi 20 na waɗanda ba a ɗura wa ba. Adadin ya yi kaɗan da za a yanke hukunci a kansa shi kaɗai, amma bai nuna wata alamar amfani ba.

Saɓanin ya shiga har cikin ayarin. A 2019 Farfesa Michael Levin na Kwalejin Imperial, wanda yana cikin marubutan FEAST, ya wallafa sabon nazarin alƙaluman inda ya danganta illar ga ƙaruwar tsamin jini da tabarbarewar numfashi da ƙwaƙwalwa. Maitland da wasu abokan aikinta sun ƙalubalanci hanyar da aka bi wajen wannan nazari. Ɓangarorin biyu sun yarda cewa ruwan ya yi illa, sun saɓa ne kan yadda ya yi ta.

Tsakanin hujja da manufa

Ga masu bibiyar yadda ake tsara manufofin gwamnati, wannan ɓangare ne ya fi ɗaukar hankali. A 2013, shekara biyu bayan FEAST, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bugu na biyu na ƙaramin littafinta na jinyar yara a asibiti, wanda ma'aikatan lafiya a ƙasashe matalauta ke dogaro da shi. Littafin ya ci gaba da ba da shawarar ɗura ruwa cikin hanzari ga yaron da zagayawar jininsa ta durƙushe.

A 2014 Sarah Kiguli da Maitland da sauran ayarin suka wallafa maƙala a BMJ suna sukar hukumar da yin watsi da hujjar. Sun yi gargaɗin cewa a asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci, ba kasafai ake tsayawa kan tsattsauran ma'auni ba, don haka yara da yawa da bai kamata a ɗura wa ruwa ba za su samu, kuma hakan na iya jawo asarar dubban rayuka a kowace shekara.

A 2016 hukumar ta sabunta ƙa'idojinta na tantancewa da jinyar gaggawa. Sabuwar ƙa'idar ta hana ɗura ruwa cikin hanzari ga yaron da ke da alama ɗaya ko biyu kacal, ta kuma rage yawa da saurin ruwan ga mai alamun uku zuwa mililita 10 zuwa 20 kan kowane kilo cikin minti 30 zuwa 60. A 2020 gamayyar ƙwararru ta Surviving Sepsis Campaign ta fitar da ƙa'idojinta na yara, inda ta raba shawara gida biyu. Inda akwai sashen kulawa ta musamman, ana iya ba da ruwan ana sa ido. Inda babu, kuma ƙarfin jinin yaro bai faɗi ba, kada a ɗura. Wannan shawara ta biyu a kan FEAST ta dogara. Daga wallafa binciken zuwa wannan mataki, shekara tara aka ɗauka.

Tasirinsa a wajen Afirka

An saba ilimin likitanci ya taso daga Turai da Amurka ya gangaro Afirka. A wannan karo tambayar daga Afirka ta tashi.

A 2014 da 2015 an wallafa manyan gwaje-gwaje uku kan manya, ProCESS a Amurka, ARISE mafi yawansa a Ostireliya da New Zealand, da ProMISe a Ingila, waɗanda suka kasa tabbatar da fifikon tsarin Rivers a kan jinyar yau da kullum. A 2017 Ben Andrews da abokan aikinsa sun wallafa gwaji kan manya 209 a Lusaka ta Zambiya: kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka bi tsarin ba da ruwa da yawa a kansu sun rasu a asibiti, idan aka kwatanta da kashi 33 na sauran. A 2018 wani gwaji kan tumaki a Brisbane ta Ostireliya, wanda Maitland ke cikin marubutansa, ya nuna cewa dabbobin da aka ɗura wa ruwa sun ƙara buƙatar maganin ɗaga ƙarfin jini bayan 'yan sa'o'i.

Daga baya aka gwada taƙaita ruwa ga manya a ƙasashe masu arziki, a gwajin CLASSIC na 2022 da Denmak ta jagoranta da CLOVERS na Amurka a 2023. Dukansu ba su samu bambancin mutuwa tsakanin taƙaitawa da yawaitawa ba. Saboda haka ba a tabbatar da cewa illar da aka gani a Gabashin Afirka tana faruwa a kowane asibiti ba. Abin da ya sauya shi ne matsayin ruwan a idon ƙwararru: yanzu ana ɗaukarsa magani ne mai awo da lokaci da illa kamar kowane magani.

Jini, oksijin da tamowa

Sauran ayyukan Maitland sun bi salo guda: a ɗauki abin da ake yi kullum a ɗakin gaggawa ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, a gwada shi a inda yaran suke.

Tana cikin marubutan gwajin AQUAMAT na 2010, wanda Arjen Dondorp da Nicholas White suka jagoranta a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. A kan yara 5,425, allurar atesunet ta rage mutuwa zuwa kashi 8.5 cikin 100, idan aka kwatanta da kashi 10.9 na kwinin. Wannan ne ya sa atesunet ta zama maganin farko na maleriya mai tsanani ga yara.

A 2019 ta wallafa gwajin TRACT kan ƙarin jini, wanda aka yi a Uganda da Malawi kan yara kusan 4,000. Ya nuna cewa yaron da ke da ƙarancin jini mai tsanani amma ba shi da wata alamar haɗari, ba lallai ne a ƙara masa jini nan take ba, muddin ana auna jininsa ana sa ido. Kusan rabin irin waɗannan yara sun warke ba tare da ƙarin jini ba. Gwajin ya kuma gano cewa ba da mililita 30 kan kowane kilo maimakon 20 ya rage mutuwar yaran da ba su da zazzaɓi, amma ya ƙara ta ga masu zazzaɓi. A ƙasashen da iyaye ke yawon neman mai ba da jini cikin dare, sanin wanda ke buƙatarsa da gaske yana da muhimmanci.

Gwajin COAST, a Uganda da Kenya, ya duba ba da oksijin ga yara masu ciwon huhu. A cikin waɗanda oksijin ɗin jininsu ya ragu amma bai yi tsanani ba, wato tsakanin kashi 80 zuwa 91, mutuwa cikin awa 48 ta kasance kashi 1.4 ga waɗanda aka sa wa ido ba tare da oksijin nan take ba, kashi 2.5 ga masu oksijin na yau da kullum, da kashi 1.1 ga masu na'urar tura iska da ƙarfi. Sai dai an tsayar da gwajin a 2020 da yara 1,842 maimakon 4,200 da aka tsara, don haka sakamakonsa bai kai ga yanke hukunci ba.

A 2025 aka wallafa GASTROSAM, wanda aka yi a Nijar da Najeriya da Uganda da Kenya tare da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières. An daɗe ana hana ƙara wa yaro mai tamowa ruwa ta jijiya ko da gudawa ta bushe shi, saboda tsoron kada zuciyarsa ta gaza. A kan yara 272, kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka ba ruwa ta baki sun rasu cikin awa 96, da kashi 7 na waɗanda aka ba ta jijiya, kuma ba a ga gazawar zuciyar da ake tsoro ba. Mai binciken da ta nuna illar ruwa a wani yanayi ita ce ta ƙalubalanci haramta shi a wani.

Batun amana

Gwaji a kan yaran da ke bakin mutuwa yana tayar da tambayoyin ɗa'a masu nauyi. A FEAST, da yake babu lokacin doguwar magana, ana neman amincewar iyaye da baki tukuna, sannan a kammala ta a rubuce bayan yaro ya daidaita, bisa yardar kwamitocin ɗa'a na ƙasashen. An dakatar da COAST ne sakamakon wani gangami a Uganda da ya zargi gwajin da hana yara oksijin, zargin da masu binciken suka musanta, suna masu cewa ana ba duk yaron da oksijin ɗinsa ya faɗi ƙasa da ma'auni.

Irin wannan zargi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Taƙaddama kan ko an nemi izinin iyaye ta kai kotu, kuma a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tambayoyin da suka dace a yi kan kowane gwaji su ne: wa ya amince da shi, wa ke duba alƙalumansa ba tare da yana cin moriyarsa ba, wa ke da ikon tsayar da shi, kuma shin za a wallafa sakamakon ko da bai yi wa masu shi daɗi ba? A FEAST kwamiti mai zaman kansa ne ya tsayar da aikin, kuma an wallafa sakamakon da ya rushe hasashen jagorarsa. Ba don gwajin ba, da an ci gaba da ɗura ruwan ga miliyoyin yara ba tare da kowa ya ƙirga ba.

Iyakar abin da binciken ya ce

FEAST bai ce ƙarin ruwa haɗari ne ga kowa ba. Ga yaron da gudawa ko kwalara ta bushe shi, ko wanda ya zubar da jini, ko ya ƙone, mayar da ruwa cikin gaggawa yana ceton rai, kuma gwajin bai taɓa waɗannan ba. Abin da ya shafa shi ne yaro mai zazzaɓi mai tsanani wanda bai rasa ruwa ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci a garuruwan da ake ganin ledar ruwa a rataye ita ce shaidar cewa an kula da majinyaci, har wasu ke neman a saka musu ita a shagon magani ko a gida. Tantance wanda ke buƙata, da yawan da za a ba shi, da saurin ɗigarsa, aikin ƙwararren ma'aikacin lafiya ne.

Najeriya ce ke da fiye da rubu'in mace-macen maleriya na duniya, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da ke kan gaba. Irin yaran da aka gwada a Soroti da Mbale su ne ke cika ɗakunan gaggawa na Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram a kowace damina. Amfanin binciken gare su ya dogara ne kan abubuwan da ke hannun hukumomi: ko an sabunta ƙa'idojin jinya na ƙasa, ko an sake horar da ma'aikatan da suka koyi tsohuwar ƙa'ida, ko akwai na'urar auna jini da ta auna oksijin a asibitin ƙaramar hukuma.

Yawancin kuɗin waɗannan gwaje-gwaje daga Birtaniya suka fito. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. Har yanzu akwai matakai da dama na jinyar gaggawa da ake bi a asibitocin nahiyar waɗanda ba a taɓa gwada su a kan yaranta ba.